Ɗan Yayata Ya Ɗauki Zabuwata, Kuma Ya Riga Ni Zuwa CAC

Tambaya

Assalamu alaikum Barista, ya aiki, ya iyali? Ni baduku ne, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Dukanci gadon gidanmu ne, amma ni abin da Allah ya hore mini shi ne zane. Ina zana fata da hannu, in ƙona, in rina da karan dafi da kuloko. Ina yin jakunkunan mata, alabe, gafaka da tumtum. Shekara 8 ke nan ina buga wata alama a gindin duk abin da ya fito daga hannuna: zabuwa ta ɗaga fiffike ɗaya, a ƙarƙashinta laƙabin da ake kirana da shi tun ina yaro. Ni na zana ta a takarda, maƙerin garinmu ya yi mini ƙarfen da nake ƙona ta da shi. Daga baya na kai wa wani yaro mai kwamfuta a cikin gari, na ba shi naira dubu 5, ya gyara ta ya sa mata launi, ja da baƙi da ruwan ƙasa. Da ita nake yin leda da kati da shafina na Facebook. Yanzu har Kano da Damagaram ana cewa a kawo "mai zabuwa".

Ɗan yayata ya zauna a hannuna shekara 4. Bara na yaye shi, na haɗa masa kayan aiki. Sai ga shi yana buga zabuwa a kayansa, ya dai juya mata fuska zuwa hagu, sunan ma harafi ɗaya ya sauya. Hotunan da na ɗauka da wayata su ya kwashe ya sa a shafinsa. Yana kai kaya Maigatari ranar Alhamis, kuma ba fata zalla yake aiki da ita ba, yana haɗawa da ta roba. Wata Hajiya ta kira ni daga Damagaram tana faɗa, wai jakata ta saɓule cikin wata biyu, alhali ba tawa ba ce.

Da na yi masa magana sai ya fito mini da takardar CAC, ya ce sunan ya zama nasa a hukumance, ni ne ma ya kamata in daina. Na je wurin mai kwamfuta, ashe shi ya yi masa, ya ce ai aikinsa ne, wanda ya ga dama zai sayar wa. Barista, da gaske na rasa alamata? Wasu sun ce in kai shi wurin 'yan sanda. Yayata kuma kullum kuka take yi. Ina neman shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da haƙuri. Kafin komai ka kwantar da hankalinka a kan takardar nan da aka nuna maka. Takardar CAC ba ta mayar da zabuwarka tasa ba. Ba ta da wannan ƙarfin, ba don haka ma aka yi ta ba.

CAC hukuma ce mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Abin da takardarta ke faɗa shi ne wane yana sana'a da suna kaza a wuri kaza. Amfaninta a buɗe asusun banki da sunan sana'a, a nemi kwangila ko tallafi, hukuma ta san wanda ke bayan sunan. Ba ta duba hoto, ba ta duba launi, ba ta tambayar wa ya fara ƙona alama a jikin fata. Rajistar tambarin kaya, wato alamar da ke bambanta kayanka da na wani, wani ofishi ne daban a Abuja yake yin ta, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta tarayya, bisa wata doka daban ta 1965. Mutane da yawa a kasuwanninmu sun ɗauka abu ɗaya ne, har da masu manyan shaguna. Ina kyautata zaton shi ma ɗan naka haka aka gaya masa a inda aka cike masa fom, ya hau kai ya zauna.

Abin da kake kira "alamata" kuwa, a idon doka ba abu ɗaya ba ne. Akwai hoton zabuwar a matsayinsa na zane. Akwai shi a matsayin shaidar da mai saye ke gane kayanka da ita. Akwai hotunan da ka ɗauka. Akwai kuma salon aikinka. Kowanne da dokar da ke tsaron sa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A wani wurin ƙafarka a kan dutse take, a wani wurin a kan yashi, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin lauyansa.

Mu fara da zanen. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana ba mai zane haƙƙi tun ranar da ya ɗora alƙalami a takarda ya fitar da abin da ke kansa. Ba sai ya yi rajista ba, ba sai ya biya kowa ba. Haƙƙin yana nan tsawon rayuwarka, ya ƙara shekara 70 bayan rasuwarka, magada su gada kamar yadda za su gaji gona. Wanda ya kwafi zanen, ko babban ɓangarensa, ba da izininka ba ya taka doka. Juya wa zabuwa fuska daga dama zuwa hagu ba ya wanke shi. Alƙali ba zai tsaya lissafin ɗigo nawa ne a jikinta ba, abin da zai tambaya shi ne ko daga taka aka ɗauko tasa, kuma ko an ɗauki jigon abin. Yaron da ya yi shekara 4 yana hura wutar da ake gasa ƙarfen nan, da wuya ya ce bai taɓa ganin ta ba.

Hotunanka na waya ma haka suke. Kai ka ɗauka, naka ne, sai dai su wa'adinsu shekara 50 ne daga fitar da su. Nan ne wurin da ya fi sauƙi a duk maganar. Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙarar satar hoto. Za ka nuna inda naka yake da ranar da ka ɗora, ka nuna inda aka kwafa, kuma sukan sauke. Sabuwar dokar ma ta tanadi cewa mai haƙƙi zai iya rubuta wa masu shafin intanet su cire abin da aka sata. Amma kada ka yi gaggawar wannan tukuna, zan gaya maka dalili a gaba.

Yanzu mai kwamfuta, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. A al'adarmu idan ka biya tela, riga taka ce. A dokar zane ba haka abin yake kai-tsaye ba. Haƙƙi yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙira, ko da wani ne ya biya kuɗin aikin, sai idan an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Kuma doka ta ce miƙa haƙƙin mallaka daga hannu zuwa hannu ba ya tabbata sai a rubuce. Naira dubu 5 ɗin da ka ba shi ta saya maka izinin amfani da abin da ya yi maka, wannan ba wanda zai musa. Amma ba ta rubuta cewa ya sallama maka komai ba.

To, shi ma bai da gaskiya da ya ce aikinsa ne. Idan bin layin zanenka ya yi a kwamfuta ya zuba launukan da ka zaɓa, bai ƙirƙiri zabuwa ba, kwafa ya yi da izininka, don amfaninka. Izinin bai kai ga ya sayar wa wani ba. Iyakar abin da zai iya riƙewa shi ne ɗan abin da ya ƙara daga kansa, idan akwai, kuma ko shi ba zai iya sayar da shi a manne da zanenka ba. Saboda haka da ya yi wa ɗanka, shi ma ya shiga cikin laifin. Wannan ita ce igiyar da za ka ja shi da ita, a hankali. Ka je masa da takarda gajera, shafi ɗaya: shi wane ya tabbatar cewa asalin zanen naka ne, ya miƙa maka duk wani haƙƙi da yake da shi a gyaran da ya yi, ba zai ƙara yi wa kowa ba, kuma ya ba ka asalin fayil ɗin aikin. Ya sa hannu, mutum biyu su shaida, a sa kwanan wata. Ko da za ka ƙara masa wani abu a kai, ka ƙara, ya fi maka arha da shari'a. Ka kuma tambaye shi gaskiya tsakani da Allah ko ya ɗauko wani yanki daga intanet ya liƙa. Manhajoji irin su Canva ba su yarda a yi rajistar tambari da hotunan rumbunsu ba, domin kowa yana iya ɗauka. Idan akwai irin wannan a jikin zabuwarka, a cire shi tun yanzu.

Ina wannan takarda ta farko da ka zana zabuwar a kai? Idan tana nan, ko ta yi datti, ko ta yage, ka nannaɗe ta ka sa a akwati. Ƙarfen maƙeri ma shaida ne, maƙerin kansa shaida ne, Allah ya sa yana raye.

Sai maganar Hajiyar Damagaram, wadda ita ce ainihin ɓarnar. Tunda ba ka yi rajistar tambari ba, dokar 1965 ba ta ba ka damar ka yi ƙarar keta tambari mai rajista ba. Amma a sashe na 3 da ta faɗi haka, ta bar wata ƙofa a buɗe: ƙarar wanda ya yi sojan gona da kayansa, ya sa mutane suka ɗauka naka ne. Abu uku ake nema a nan. Ka nuna cewa alamar ta yi suna har mutane suna danganta ta da kai. Ka nuna cewa abin da ya yi yana iya ruɗa mai saye. Ka nuna cewa ka cutu, ko cutar tana tafe. Kalmar "mai zabuwa" da ake faɗa a Kano ita ce ta farko. Kiran Hajiya ya haɗa ta biyu da ta uku a waya ɗaya. Don haka ka kira ta ka rarrashe ta, ka roƙe ta ta turo hoton jakar da alamar da ke gindinta, ta faɗi inda ta saya da ranar. Idan za ta yarda, ka musanya mata da jaka ta gaske ka karɓi ta jabun ka ajiye. Za ka dawo da mai ciniki, ka kuma sami hujjar da ta fi kowacce.

Sauya harafi ɗaya tsohuwar dabara ce, kotunan ƙasar nan sun daɗe da sanin ta. A 1961 wani kamfanin magani mai suna Niger Chemists ya yi ƙarar wasu da suka buɗe shago a Onica da sunan Nigeria Chemists, kotu ta ce sunayen za su ruɗa jama'a, ta hana su. Ma'aunin ba lauya ba ne da ya ajiye alamun biyu a tebur yana gwadawa. Ma'aunin shi ne mai saye na yau da kullum, a tsakiyar ƙurar kasuwa, wanda ya ga taka wata shida da suka wuce, ya tuna zabuwa ce kawai. Da yawa cikin masu sayen kayanka ma ba boko suke karantawa ba, tsuntsuwar suke gani. Wannan yana ƙara wa maganarka nauyi.

Amma ga inda yashin yake. Launukanka, ja da baƙi da ruwan ƙasa, kada ka sa rai za ka hana shi su. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Ferodo mai kayan birkin mota da kamfanin Ibeto. Ferodo ya ce an kwaikwayi kwalinsa mai ja da adon baƙi da fari. Kotu ta ce abin da ke tambarinsa shi ne sunan Ferodo, launuka da adon kwali ƙawa ce, kuma tunda na Ibeto yana ɗauke da wani suna daban, Union, ba a keta komai ba. Idan babban kamfani bai iya riƙe ja da baƙi ba, ka ga kai ba za ka riƙe karan dafi da kuloko ba, waɗanda kakannin kakanninmu suka rina fata da su. Haka salon aiki. Yadda kake jan layi, yadda kake cike gefe, irin ɗinkin da kake yi, doka ba ta mallaka wa kowa salo ba. Tana kare zane takamaimai, ba hanyar yin zane ba. Kai ka koya masa, kuma don ya ci abinci da shi ka koya masa. Dagi da sauran adon gargajiya da ake gani a bangon gidajen sarauta da rigunan aska ma ba na mutum ɗaya ba ne, dokar ta ajiye su a matsayin gadon al'umma. Ko zabuwa ita kanta ba za ka hana wani zana ta ba. Zabuwarka, mai ɗaga fiffike ɗaya, a gindin kayan fata, ita kake da iko a kai. Akwai kuma abin da zai iya yi maka ɗaci: idan a shekarun nan 4 akwai zanen da shi ya ƙirƙira da kansa a rumfarka, ba tare da wata yarjejeniya ba, yana iya cewa nasa ne, kuma doka za ta saurare shi. Ka tuna da wannan kafin ka lissafa abin da za ka nema.

Abin da nake so ka hanzarta a kai shi ne rajista, domin wanda ya san hanyar CAC gobe wani zai nuna masa hanyar Abuja. Idan ya riga ka can ma ba ka mutu ba, sashe na 7 na dokar yana kare wanda ya daɗe yana amfani da alama ba yankewa tun kafin mai rajista, kuma ana iya neman a soke rajistar da aka yi ba bisa gaskiya ba. Amma wannan doguwar hanya ce mai cin kuɗi, alhali hanyar riga shi yin rajista gajeriya ce. Ana shigar da takarda ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. A fara bincike a ga ko wani ya riga ka. A shigar, a ba ka shaidar karɓa, su duba, in sun gamsu su ba ka takardar amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin. Daga ranar bugawa duk mai ja yana da wata 2 ya fito. In ba a samu ba, sai satifiket. Yana ɗaukar lokaci, amma lissafin haƙƙinka daga ranar da ka shigar yake farawa, shi ya sa ranar take da daraja. Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

An kasa kayayyaki da ayyuka aji 45, kuma kowane aji takardarsa daban, kuɗinsa daban. Jaka da alabe da galibin kayan fata suna aji na 18, nan za ka fara. Idan kana da niyyar shiga takalma, su suna aji na 25, ka bari sai ƙarfi ya zo. Shawarata ka shigar da zabuwar da laƙabin a baƙi da fari. Dokar ta ce alamar da aka yi wa rajista ba tare da an ƙayyade launi ba, ana ɗaukar ta a kan kowane launi. Laƙabinka na yarinta kuwa alheri ne, domin da sunan gari ka sa, ko kalmar da ke siffanta kaya irin "fata mai kyau", da ofishin ya yi maka gardama, tunda ba a mallaka wa mutum ɗaya abin da kowane baduku ke buƙatar faɗa. Kada ka sa harafin R ɗin nan na cikin da'ira a kayanka sai satifiket ya fito, yin hakan kafin lokaci laifi ne.

Kai ma ka yi taka rajistar CAC. Doka ta ce mai sana'a da sunan da ba sunansa na yanka ba ya yi rajista cikin kwana 28 da farawa, kai kuwa shekara 8 ke nan. Idan suka ce sunan ya yi kama da nasa, dokar 2020 ta kafa kwamiti a cikin hukumar mai sauraron rigimar suna, ana iya kai kuka can da hujjar cewa ka riga shi. Haka kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, NCC, tana karɓar rajistar zane ta intanet. Ba ita ke ba ka haƙƙin ba, yana hannunka tun tuni, amma takardarta hujja ce mai kwanan wata. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

Wani abu don gaba. Idan ka ƙirƙiro sabon fasalin jaka da kake son a riƙa buga shi da yawa, wannan dokar 1970 ta fasalin kayan masana'anta ce ke tsaron sa, shekara 5, ana sabuntawa sau biyu, jimilla 15. Sharaɗinta ya zama sabo, ba a taɓa nuna wa jama'a ba. Ranar da ka ɗora hotonsa a Facebook kafin rajista, ka rufe wa kanka wannan ƙofa.

Tunda kayanka suna tsallaka iyaka, ka sani rajistar Abuja a Maigatari take tsayawa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, ƙasashe 17, rajista ɗaya ta game su duka na shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Ba yanzu ba, amma idan cinikin Damagaram da Maraɗi ya kai ya kawo, ka sa shi a lissafi. Haƙƙin zane shi yana tsallakawa da kansa, don ƙasashen biyu duk sun sa hannu a yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe.

Masu cewa ka kai shi wurin 'yan sanda, ban goyi bayansu ba. Gaskiya ne sayar da kwafin aikin wani da gangan yana iya zama laifin da ake hukuntawa, kuma NCC tana da jami'an da ke bin irin wannan. Amma abin da ke tsakaninku a yau rigimar haƙƙi ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Abin da zai faru shi ne ya kwana a bayan kanta, a yi beli, yayarka ta daina gaishe ka, zabuwa kuma tana nan a jikin jakarsa. In ma abin ya juya, shi ya yi ƙararka a kan tauye masa 'yanci. Kotun da ke da hurumin haƙƙin mallaka da tambari ita ce Babbar Kotun Tarayya, bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999, akwai ta a Dutse, akwai a Kano. A kan sojan gona da alamar da ba ta da rajista, Kotun Ƙoli ta yi hukunci biyu, a 2003 da 2007, da ba su tafi a layi ɗaya ba game da wace babbar kotu ce za ta saurara, wannan aikin lauyanka ne ya tantance. Abin da ba shakka a kai shi ne ba maganar kotun majistare ko kotun shari'a ta ƙaramar hukuma ba ce. Kotu tana iya ba da umarnin ya dakata tun kafin a gama shari'a, ta sa ya biya diyya ko ya fito da ribar da ya ci, ta sa a karɓe kayan da ƙarfen bugawa. Makami ne na gaske. Sai dai shekaru yake ci, kuma kuɗin zirga-zirga Dutse kaɗai zai iya fin ribar da yaron ya samu.

Shi ya sa nake ganin ka fara da zama, amma zaman da ka shiga da hujja a aljihu. Kai kawunsa ne kuma maigidansa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kira yayarka, a kira babba a dangi, a kira mai unguwa ko dagaci, da wani dattijo cikin dukawa wanda ya san tun yaushe kake buga zabuwa. In da hali a sa liman. Idan wani ya ce ai wannan dokar Turawa ce, a Musulunci ba a mallakar hoto ko suna, a tuna masa cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ba ya halatta a taɓa. Sayar wa mutum roba a matsayin fata kuwa, da alamar wani, algus ne, kuma kowa ya san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

A zaman kada ka nemi ya bar sana'a, kada ka nemi ya bar launi ko salo, ka riga ka ji ba ka da wannan. Ka nemi abin da yake naka. Ya daina buga zabuwa da duk abin da ya yi kama da ita. Ya sauya sunan a CAC zuwa wanda ba ya ruɗarwa, cikin wa'adin da za a ambata. Ya sauke hotunanka da hannunsa, wanda ya fi a ce Facebook ne ya rufe masa shafi, shi ya sa na ce ka dakata da fom ɗin. Ya kawo ƙarfen bugawa da ragowar leda da kati. Kayan da ya riga ya buga, a goge alamar ko a rufe ta kafin su fita. Ni da zan ƙara da nawa, da na ce ka zauna ka zana masa tasa alamar da hannunka, kyauta, wadda ba ta haɗa komai da taka ba, ka rubuta cewa ka ba shi. Yaron da ya ɗauki alamar maigidansa galibi tsoro ne ke cin sa, yana ganin ba wanda zai sayi kayansa da sunansa. In kuwa kana so ya ci gaba a ƙarƙashin zabuwa, wannan ma hanya ce: izini a rubuce, da sharaɗin fata zalla, kai ke duba kaya kafin a buga alama, da kason da zai riƙa ba ka, da ikon janyewa ranar da ya saɓa. Amma wanda ya riga ya haɗa da roba sau ɗaya, ni ba zan yi saurin ba shi ba.

Duk abin da aka amince a rubuta shi, da Hausa ma ya wadatar, kowa ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe kwafi. "Ai mun yi magana a gaban manya" ba ya zuwa ko'ina idan manyan suka manta ko suka rasu. Idan ya ƙi zama, ko ya sa hannu ya saɓa, sai lauya ya rubuta masa takardar gargaɗi da wa'adi, daga nan fom ɗin Facebook, daga nan kotu. Kada ka bar abin ya ja shekaru kana kallo, domin dogon shiru yana iya zama hujja a kanka, a ce ka gani ka yarda.

Kafin ka gaya wa kowa za a zauna, ka yi waɗannan a makon nan. Ka ɗauki hoton shafinsa da duk inda hotunanka suke, yadda kwanan wata zai fito, domin da ya ji motsi zai goge. Ka koma can ƙasan shafinka ka nemo hoton farko da zabuwa ta bayyana. Ka tattara tsofaffin rasit, saƙonnin WhatsApp na masu oda, da shaidar kuɗin da aka turo maka ta banki. Ranar Alhamis ka aiki wanda bai sani ba Maigatari ya sayo jaka ɗaya a hannunsa, ya karɓi rasit in yana bayarwa, ya riƙe ranar da kuɗin. Sannan ka je wurin mai kwamfuta da takardar nan, shi za ka fara samun sa hannunsa. Idan ya sa, ka ɗauki zanen asali da fayil ɗin ka kai wa lauya a Dutse ko Kano a fara bincike a aji na 18.